Kabarin da Na Zana wa Saratu

Kai Nazifi, na ji abin da ka faɗa ɗazu a ofishin malamai, kada ka ɗauka tsufa ya toshe mini kunne. Wai koyarwa ba wani aiki ba ne: mutum ya duba waya da safe, ya kwafe a allo, yara su kwafa, a kaɗa ƙararrawa kowa ya kama gabansa. Madalla da kai. Sati uku ke nan da aka turo ku koyon aiki, har kun gama gane sana'ar da na shekara talatin da biyar a cikinta ina lalube. Ku jawo benci ku zauna, ba dukanku zan yi ba. Ke ma Hafsatu ajiye jan biron nan, tun ɗazu nake kallonki kina raba maki kamar goron suna.

A zamaninmu kayan aikin malami ba su da yawa. Alli, tsumman goge allo, jan biro, sai littafin shirin darasi wanda dole shugaban makaranta ya sa masa hannu kafin ka taka aji. Allon ma ba irin wannan farin naku mai sulɓi ba ne. Siminti ne aka shafe a jikin bango, in ya koɗe sai a fasa tsofaffin batiran rediyo a haɗa da gawayi a shafe shi, ranar kowa ya koma gida kamar maƙeri. Alli biyu ake ba ka a sati, daga cikin durowa mai kwaɗo. In ya ƙanƙance ka riƙe shi da farce, in ya ƙare ranar Laraba sai ka san yadda za ka yi da bakinka har Juma'a.

Wanda ya koya mini aiki Malam Ɗanjuma ne, hedimastan wata firamare a ƙasar Kunci, Allah ya jiƙansa. Yakan shigo ajina ya zauna can baya, ya jawo hula ya rufe ido, ka rantse barci yake yi. Ranar farko na zage na yi darasi, har da Turancin da ni kaina ban san inda na samo shi ba. Da aka tashi ya ce, "Sabi'u, ka yi karatu mai kyau. Gobe kuma sai ka koya wa yara." Shi ne ya hana ni rubuta abin da ban tabbatar ba. Ya ce abin da na faɗa da baki yaro yana iya mantawa kafin ya isa gida, amma wanda na sa a allo zai kwafe shi, ya haddace, ya kuma koya wa ƙannensa. Na ce to, irin wannan to ɗin da kuke ce mini yanzu.

Da na koma sakandare tarihi aka ba ni, shi kuwa a zauren mahaifina na samo shi. Malamin hadisi ne, ba a kawo masa labari haka kawai. In ka ce masa an yi ruwa a Gezawa, sai ya ce wa ya faɗa maka, shi mai faɗar ya gani ne ko an ba shi labari, kuma yaushe ya faɗa. Da tambayoyin nan uku nake cin abinci har yau.

To, bari in ba ku labarin aikin da ya fi kowanne ba ni wuya. Shekarar da malaman Gana suka koma ƙasarsu ce, kuma ita ce shekarar da damina ta yi mana gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Makarantarmu ta je-ka-ka-dawo ce, a gefen hanyar Ɗambatta. Rabin 'yan ajin ƙarshe suka watse, wasu ci-rani, wasu bin dabbobi. Iyaye, waɗanda in kun lura su ne masu cinikinmu, sukan zo su tsaya a taga su ce, "Malam, a ara mini shi kwana biyu." Wasu har yau kwana biyun ba su cika ba.

Cikin malaman da suka tafi akwai Mista Mensa, mai koyar da addinin Kirista. Ɗalibansa uku ne kacal, 'yan wata unguwa ta bayan fadama, Hausawa kamar ni da ku, kakanninsu Maguzawa ne da suka shiga Kirista. Maza biyun yunwa ta kora su Kano. Saura mace ɗaya, Saratu 'yar Nomau, yarinya mai shiru, rubutunta kamar na inji. Makarantar koyon jinya take so, can kuwa sai da kiredit biyar a jarrabawar fita. Huɗu muna da tabbacinsu. Lissafi kam ita da shi sai gaisuwa daga nesa, don haka na biyar ɗin dole ya fito daga darasin Mista Mensa. Wata huɗu ya rage, babu malami. Kowa kuma ya san a irin wannan shekara babu gidan da zai iya barin yaro ya maimaita aji. In ta rasa, gona za ta koma, shi ke nan.

Shugaban makaranta, Malam Garba, ya kira ni ofis ya turo mini wani kwali da Mista Mensa ya bari.

"Kai ne malamin tarihi," in ji shi. "Wannan ma ai labarin mutanen da ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka san gidan da na fito."

"Na sani. Shi ya sa na kira ka. 'Yan gidanku ba su iya ƙarya ba, sai surutu."

A cikin kwalin akwai manhaja, da littafin addininsu da Turanci, da wani littafin darasi da gara ta cinye rabinsa, da tsofaffin takardun jarrabawa. Malamin da ya san aiki tsofaffin takardu yake fara dubawa, ku riƙe wannan. Na baje su a tabarma na jera, sai na ga tambaya ɗaya tana ta dawowa, in ba ta zo bana ba za ta zo baɗi: a kawo hujjojin da ke nuna Yesu ya tashi daga matattu. Ni da aka koya wa tun ina riƙe da allo cewa Annabi Isa, alaihis salam, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi.

Bayan la'asar na je wurin Baffa Liman, ƙanen mahaifina, na zayyana masa komai. Ya saurara yana jan carbi.

"Za ka ce mata ya tashi?"

"Zan ce mata ga abin da suka ce, ga hujjar da suke kawowa."

"In ta tambaye ka naka fa?"

"Sai in faɗa mata."

Ya ce, "To, kada ka ƙara, kada ka rage. 'Yar mutane ce, amana aka ba ka. Kuma kada ka je kana yi mata wa'azi a fakaice, na san bakinka."

Haka muka fara, ni da ɗaliba ɗaya a aji mai benci ashirin, ƙofa a buɗe. Na ɗauki abin kamar kowane darasin tarihi, na ɗora masa tambayoyin mahaifina. Wa ya faɗa? Mabiyan Yesu ne suka ce sun gan shi da rai bayan an binne shi, wasu ɗaiɗai, wasu a taro. Yaushe aka faɗa? Mafi tsufan abin da aka rubuta wasiƙa ce ta wani da a da yake farautar Kiristoci, daga baya ya juya ya zama nasu, kuma ya rubuta ta tun wasu daga cikin waɗanda ya lissafa a matsayin shaidu suna raye. Akwai na waje da ya ambata? Akwai marubutan tarihi na zamanin Rumawa, waɗanda ba Kiristoci ba, da suka ce an zartar masa da hukuncin kisa, kuma mabiyansa ba su watse ba. Sai batun mata. Littafin ya ce mata ne suka fara tarar da kabari babu kowa, a zamanin da shaidar mace ba ta da nauyi a gaban alƙali, don haka masu wannan hujja suke cewa mai ƙirƙirar labari ba zai zaɓi mata ya sa a gaba ba. Sannan mutanen da suka gudu suka ɓuya ranar da aka kama shi, su ne suka fito kasuwa suna shela, ana dukansu ba su janye ba. Ina faɗa, Saratu tana rubutawa, ba ta ɗaga kai.

Har nan ban yi laifi ba. Laifin ya zo ne ranar da na ce bari in nuna gwaninta in zana mata kabarin, don abin ya zauna mata. Na ɗauki sabon alli guda, na zana kabari kamar yadda duk ɗan Bahaushe ya san shi. Ga uwa mai faɗi, ga 'ya a tsakiya inda ake kwantar da mamaci, ga fasassun tukwane an jera an rufe, ga ƙasa an tara. Littafin ya ce an sassaƙa kabarin a dutse, na ce mata wato ƙasar wurin marmara ce, irin wadda ke karya diga. Ya ce an sa ƙaton dutse, na ɗora shi a kan tarin ƙasar, na ce don kura ne, kamar yadda mu muke sa ƙaya. Ya ce matan sun zo da kayan ƙamshi su shafe gawa. Ban ga yadda za a shafe wanda aka riga aka rufe da ƙasa ba, sai na ce a kan kabarin za su zuba. Ya ce sun shiga ciki, na ce dirawa suka yi cikin ramin. Ka ga mata uku da zane suna dirawa rami da sassafe, amma ni ko a jikina. Na ja baya na kalli zanen, wallahi ya yi kyau.

Saratu ta kwafe shi da rula, har da tukwanen. Na yi mata gwaji bayan sati biyu, ta zuba mini abina kamar yadda na ba ta, da kurar da komai. Na ba ta sha takwas cikin ashirin, na rubuta mata yabo a ƙasa. Ke Hafsatu, kin ga abin da ya sa nake tsoron jan biro a hannun mai farin ciki.

Ranar kasuwa sai ga wani dattijo a kan keke, ya jingine shi a gindin darbejiya ya ce yana sallama da malamin tarihi. Nomau ne, uban Saratu. Na fito ina shirya amsa a raina, domin na ɗauka ya zo ya ce bai yarda Musulmi ya koya wa 'yarsa addini ba. Muka gaisa, muka jajanta damina. Sai ya zaro littafin Saratu daga aljihun riga. Bai iya karatun boko ba, amma hoto ai ba ya buƙatar karatu.

"Malam, wannan kabarin wane ne?"

Na faɗa masa.

Ya juya littafin sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "Ikon Allah. Ni dai kabarin ubana nake gani, har da tukwanen da na fasa da hannuna. Shi kuwa yana nan inda muka sa shi, bai tashi ba."

Ban yi dariya ba a lokacin, sai daga baya. Ya ce in ina da sarari in hau bayan kekensa, akwai abin da zai nuna mini. Muka tsallake fadama, wadda a shekarar ko tsuntsu ba ya samun abin sha a cikinta, muka wuce unguwarsu zuwa gindin wani dutse. A jikinsa akwai kogo, bakinsa bai kai ƙirjina ba. Ya ce a nan ubansa yake kulle awaki zamanin da kuraye suka yi yawa. A gefe ga wani faifan dutse a jingine, kamar dutsen niƙa amma ya kai girman ƙofa.

"Sunkuya ka shiga, Malam."

Na shiga. Ɗaki ne sosai, mutum huɗu za su zauna.

"To, irin wannan ne, sai dai nasu da hannu aka sassaƙa. Ba a zuba wa mutum ƙasa. A naɗe shi a kwantar a gefe, a fito, a mirgino dutse a rufe baki. In ka ture dutsen, da ƙafarka za ka shiga ka same shi."

Ina tsugune a cikin kashin awaki na shekara da shekaru, sai duk abin da na yi ta murɗawa ya miƙe da kansa. Ga dalilin da mata za su zo shafe gawa bayan kwana biyu. Ga dalilin da suke tafe suna tunanin wanda zai ture musu dutse. Ga yadda mutum zai leƙa, ya shiga, ya ga likkafani a ajiye. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba a aiki. Da a ce yarinyar nan ta kai kurata gaban mai duba jarrabawa, da ya ja mata layi tun daga sama har ƙasa, kuma ni ne na kashe ta da allina.

Nomau ya ce a cocinsu akwai hoton wannan kogo a jikin wata tsohuwar kalanda, Saratu tana ganinsa tun tana goye. Washegari na tambaye ta.

"Saratu, kin san ba haka kabarin yake ba?"

"Na sani, Malam."

"Me ya hana ki faɗa?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kai ne malami. Na ɗauka na coci daban, na jarrabawa daban."

Kun ji sana'ar da Nazifi ya ce ba aiki ba ce. Yaro zai ga gaskiya da idonsa, ya ajiye ta ya ɗauki kuskurenka saboda kai ne a tsaye shi yana zaune. Na sa ta yage shafi huɗu da hannunta. Na ce daga yau duk abin da na faɗa wanda ya saɓa wa abin da ta sani, ta tsayar da ni, in ba ta tsayar da ni ba zan rage mata maki. Saura sati shida.

Kafin mu rabu a gindin dutsen Nomau ya roƙe ni abu ɗaya. Ya ce, "Ka faɗa mata har da abin da masu musu suke cewa. Gara ta ji a bakinka da ta je birni a ba ta mamaki." Don haka muka sauya salo. Na zama alƙali mai taurin kai, ita mai kawo shaidu. In ta ce kabari babu kowa, in ce kogo ne, duk mai ƙarfin ture dutse zai iya ɗauke gawa, kuma tun a lokacin an yi wannan zargi. Sai ta ce wanda ya ce an sace ai ya yarda babu kowa a ciki ke nan. In ce waɗanda suka rubuta labarin duk mabiya ne, kuma bayan shekaru suka rubuta, ba su ma daidaita a kan mata nawa suka je ba. Ta ce shaidun da bakinsu ya zo ɗaya tsaf su ne alƙali yake zargi da haɗa baki. In ce mutum ya jure duka a kan magana yana nuna ya gaskata ta ne, bai nuna haka aka yi ba, kuma babu wani na waje da ya rubuta cewa shi ya gan shi da rai. Nan takan ciji biro, gobe ta dawo da amsa, wata ta tsaya wata ta faɗi. Yarinyar da ba ta ɗaga kai sai ga ta tana katse ni. Har Malam Garba ya leƙo wata rana ya ga ko faɗa muke yi.

Ana saura kwana uku ta yi mini tambayar da Baffa Liman ya hango.

"Malam, kai ka yarda ya tashi?"

Na ce, "A'a. Ni abin da na yi imani da shi, ba a ma kashe shi ba, Allah ne ya ɗauke shi. Tarihi zai iya kawo ki bakin kogon, ya nuna miki waɗanda suka ce sun gani, da lokacin da suka faɗa, da abin da suka jure a kai. Daga nan ke da ni muka rabu. Ke ki rubuta hujjojinki yadda suke, ki jera su da lamba, kada ki manta da mata."

Ta ce, "To Malam, in sa naka a ƙarshe?"

"Ba a tambaye ki nawa ba. Ki amsa abin da aka tambaye ki, lokaci ba ya jira."

Ranar jarrabawar ba a barin malamin darasi ya kusanci ɗakin. Na tsaya a gindin darbejiya ina gyaran sarƙar keken da ba abin da ya same ta, awa biyu da rabi. Ita kaɗai ce a ɗakin da mai sa ido. Da ta fito na yi kamar ban gan ta ba, sai da ta zo ta durƙusa.

"Tambayar nan ta fito?"

"Ta fito, Malam. Ita ce ta biyu."

"Me kika rubuta?"

"Kogo," in ji ta. "Ban sa kura ba."

Sakamako bai zo ba sai bayan wata da watanni. Aka liƙa takardar a tagar ofis, na bi sunanta da yatsa ina ƙirgawa. Biyar cif, ba ɗaya a kai. Addinin Kirista shi ne mafi kyau a cikinsu. Tarihi kuwa, darasina na kaina wanda na shekara uku ina koya mata, da kyar ya tsallake. Malam Garba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Sabi'u, ashe duk shekarun nan ba a fanninka muka ajiye ka ba." Sai da malamai suka yi wata guda suna kirana Fasto.

Ranar da za ta tafi makarantar jinya, Nomau ya biyo da ita ta makaranta kafin su je bakin titi jiran motar Kano, akwatin ƙarfe ɗaure a bayan keke. Ya sa aka kira ni. Ya cire hula, dattijon da a haife ya haife ni, ya riƙe hannuna da hannu biyu a gaban malamai da yara.

Ya ce, "Malam, na damƙa maka 'yata da addininta a hannu, a shekarar da ba ni da ko mudun gero da zan kawo maka. Ka dawo mini da su duka biyun, babu wanda ya yi ciwo."

Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, sai kawai na ce masa su hanzarta kada mota ta wuce su.